Gutsuren Takarda Daga Jujin Masar: Wa Ke Yanka Masa Shekaru?

A ɗakin karatu na John Rylands da ke Manchester akwai wani gutsuren takarda da aka danne tsakanin gilasai biyu. Tsawonsa kusan santimita 9, faɗinsa 6, wato da kaɗan ya ɗara katin cirar kuɗi. Layi bakwai ne a gaba, bakwai a baya, kuma babu ko ɗaya da ya cika, duk a yage suke. Rubutun Girkanci ne, daga sura ta 18 ta Bisharar Yohanna, wurin da aka gurfanar da Yesu gaban Bilatus, gwamnan Romawa. A bayan takardar kana iya karanta kalmomin "ya ce masa", daga nan sai yagewa ta cinye abin da ke biye, wato tambayar nan da Bilatus ya yi cewa mece ce gaskiya. Masu nazari suna kiran gutsuren P52, lambar da yake ɗauke da ita a rajistar tsofaffin kwafe-kwafen Sabon Alkawari da wata cibiya ke riƙe da ita a birnin Münster na Jamus.

Wanda ke bibiyar muƙabalar addini, a fili ko a Facebook, wataƙila ya taɓa jin an jefo wannan gutsure tare da wata lamba: shekara ta 125 miladiyya. Wani ya kafa hujja da ita cewa an rubuta Bishara tun shaidu na raye ko jim kaɗan bayansu, wani ya ce ai tazarar ma ta yi yawa. Da wuya ka ji an tambayi inda lambar ta fito. A jikin takardar dai babu kwanan wata, babu sunan wanda ya rubuta, babu sunan gari. Mutum ne ya zauna ya ƙura mata ido ya yi ƙiyasi, kuma yadda ake yin wannan ƙiyasi, da irin rayuwar masu yin sa, shi ne abin da nake son mu duba.

Galibin irin waɗannan takardu daga juji aka tono su. A ƙarshen 1896 wasu samarin masana biyu daga Oxford, Bernard Grenfell da Arthur Hunt, suka sauka a wani ƙauye da ake kira Bahnasa, kimanin kilomita 160 kudu da Alƙahira, inda a da can akwai birni mai suna Oxyrhynchus. Gine-ginen birnin sun daɗe da rushewa, amma tulin sharar da mutanensa suka yi ɗaruruwan shekaru suna zubarwa yana nan, kuma da yake ruwan sama bai cika sauka a wurin ba, takardun da ke ciki ba su ruɓe ba. Takardar zamanin, fafirus, da ɓargon wata ciyawar bakin kogin Nilu ake yin ta. Cikin kwanakin farko na tono, a watan Janairun 1897, suka ci karo da wata warƙa mai ɗauke da maganganun da aka jingina wa Yesu, sannan da farkon Bisharar Matiyu. Suka yi ta komawa har zuwa 1907. Abin da suka kwaso ya kai wajen gutsure rabin miliyan: takardun haraji, yarjejeniyar aure, wasiƙar ɗa zuwa ga uba, waƙoƙin Girkawa, da ɗan abin da ba a rasa ba na littattafan Kirista. Cikin gwangwanaye aka loda su zuwa Ingila, aka miƙar da su tsakanin shafukan tsohuwar jaridar jami'a. Kundin farko na wallafa su ya fito a 1898. Yau an haura kundi 80, amma abin da aka wallafa bai fi dubu biyar da ɗoriya ba. Sai ka lissafa da kanka ka ga shekarun da suka rage.

P52 ba a san takamaiman ramin da ya fito ba, domin sayo shi Grenfell ya yi a Masar a 1920. Ya yi shekara goma sha huɗu cikin tarin 'yan uwansa ba wanda ya san mene ne, sai da wani matashi ɗan shekara ashirin da biyar, Colin Roberts, ya zo yana tantance tarin ya gane ayoyin. A 1935 ya wallafa shi, ya ce a ganinsa an rubuta shi a rabin farko na ƙarni na 2. Daga nan aka raba tsakanin 100 da 150 gida biyu, aka samu 125.

To, da me ya auna? Da hannu. Ana duba yadda marubucin ke lanƙwasa harufansa, inda yake ɗaga alƙalami, yadda yake haɗa wannan harafi da wancan, sai a nemo wasu takardu masu kwanan wata, kamar takardar ƙorafi ga hakimi ko shaidar biyan bashi, waɗanda hannunsu ya yi kama da wannan. Idan masu kama da shi sun taru a wani zamani, sai a ce shi ma ɗan zamanin ne.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya hango raunin wannan hanya. Ka ɗauki warƙa ɗaya daga tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, ka zare ta daga gafaka ka kai wa wani dattijon alaramma. Zai juya ta, ya duba kaurin alƙalamin da jan wasalin, ya ce maka wannan hannun Barno ne, ko kuwa na Kano. Idan gwani ne ma yana iya cewa hannun tsangayar wane ne. Amma ka ce ya faɗa maka shekarar da aka rubuta, sai ya yi maka dariya. Almajiri hannun malaminsa yake kwaikwaya, kuma wanda ya ƙware yana ɗan ashirin zai ci gaba da rubutu da wannan hannun har ya kai saba'in, almajiransa kuma su ɗora. Hannu ɗaya yana iya ratsa shekara ɗari bai sauya ba, musamman a littafin ibada, inda sabon salo ba abin yabo ba ne. Mu ma har mun fi su sa'a ta wani fanni, domin tsofaffin littattafanmu da yawa a kan takardar Italiya aka rubuta su, wadda idan ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar jinjirin wata uku, ga shi kuma wani lokaci mai kwafar yakan rufe da sunansa. Fafirus ba shi da tambarin masana'anta, kuma masu kwafar Bishara na ƙarnonin farko ba su sa kwanan wata.

Wani lokaci akan yi dace. A Disamban 1945 wasu manoma kusa da Nag Hammadi a kudancin Masar suka tono tulu mai ɗauke da littattafai 13 cikin Ƙibɗanci, tsohon harshen Kiristocin Masar. Wanda ya ɗinka bangon ɗaya daga cikinsu ya cusa tsofaffin takardu don ya yi ƙwari, kuma a cikinsu an samu masu kwanan watan 341, 346 da 348. Wannan ya nuna ba a ɗinka bangon kafin 348 ba. Irin wannan hujja ita ce ta gaske, amma ba kullum ake samunta ba. Gwajin kabon, wato awon kimiyya na gano shekarun abu, da mutane ke ɗauka kamar alƙali, shi ma yana da iyaka: sai an yanki wani abu daga jikin takardar an ƙone, abin da masu ajiya ba sa so, sannan lokacin da aka sare ciyawar yake nunawa, cikin tazarar da kan kai shekara ɗari ko fiye. Ranar da tawada ta hau takardar ba ruwansa.

Me ya sa 125 ta kama zukata haka? Saboda ta zo a kan gaɓa. A ƙarni na 19 wani babban malami na jami'ar Tübingen, Ferdinand Christian Baur, ya ce Bisharar Yohanna ba ta bayyana ba sai wajen 160 zuwa 170. Ga gutsure ya fito daga Masar ana cewa ya girmi wannan lokaci, ai shi ke nan an kashe bakin Baur da almajiransa. Littafi ya kwafa daga littafi, "wajen 125" ya zama "125", wasu ma suka ja shi zuwa 100. Shi Roberts kansa ya yi taka-tsantsan a rubutunsa, waɗanda suka biyo baya ne suka zubar da taka-tsantsan ɗin. Sai a 2005 Brent Nongbri, wanda a lokacin bai ma gama digirinsa na uku ba, ya koma ya bi takardun da aka kwatanta da su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙaro wasu, ya nuna cewa irin wannan hannu yana nan har ƙarshen ƙarni na 2 da farkon na 3. Bai ce P52 ba zai iya zama na 125 ba. Cewa ya yi hannun kaɗai ba zai iya tsayar da shi a can ba, don haka ba a kafa masa ginin da ya fi ƙarfinsa. A ganina ya yi gaskiya, kuma wannan bai rage wa gutsuren daraja ba, bai kuma dawo da maganar Baur ba, domin masu cewa an rubuta Yohanna wajen ƙarshen ƙarni na 1 suna da wasu dalilan da ba su rataya a kan wannan takarda ba.

Yanzu mu leƙa ɗakin da ake wannan aiki. Kafin mutum ya isa ya ce uffan a kan gutsure irin wannan, sai ya iya Girkanci da Latin, sau da yawa da Ƙibɗanci ko Suriyanci, ga Jamusanci da Faransanci don karanta abin da magabata suka rubuta. Shekara goma ta tafi. Ya fito, guraben aiki na dindindin 'yan kaɗan ne, sai kwantiragin shekara ɗaya nan, biyu can. Wanda ya samu kujera kuma ga aji, ga makin takardun jarrabawa, ga taron kwamiti, ga ɗaliban da ke jiran ya duba musu babi na uku. Binciken sai lokacin hutu. Gutsure ɗaya yana iya cin watanni: ka zauna da madubin ƙara girma kana gardama da kanka ko ɗigon nan ƙafar harafi ce ko dattin ƙasa, a ƙarshe abin ya fito shafi uku a kundin da mutum ɗari biyu za su buɗe. Duk malamin jami'a a ƙasar nan ya san yadda ake ƙirga takardu ranar neman ƙarin girma, kuma ya san ba a tambayar wata nawa kowace ta ci. A can ma haka ne, sai dai an ƙara da masu ba da kuɗin bincike da ofishin yaɗa labarai na jami'a, waɗanda ba abin da suke so su ji kamar "mafi tsufa" ko "na farko". Wanda ya ce "tsakanin 150 da 250" ba mai kiran sa a rediyo.

Shekarar 2012 ta nuna abin da wannan matsi ke haifarwa har sau biyu.

Ranar 18 ga Satumba, a wani taron masana Ƙibɗanci a birnin Rum, Farfesa Karen King ta jami'ar Harvard ta gabatar da wani gutsure mai layi takwas, santimita 4 da 8, wanda ta ce na ƙarni na 4 ne. A layi na huɗu an rubuta cewa Yesu ya ce musu "matata", sai takardar ta yanke. King masaniya ce ta gaske, kuma ta faɗa ƙarara cewa wannan ba hujja ba ce cewa Yesu ya yi aure, iyakarsa ya nuna abin da wasu Kiristoci na baya suka ɗauka. Amma ta riga ta raɗa masa suna Bisharar Matar Yesu, an riga an gayyaci manyan jaridu, ana kuma shirya fim a kansa. Suna kuwa linzami ne. Kafin masanan da ke zaune a zauren su gama kallon hoton, labari ya zagaye duniya.

Waɗanda suka saba da tsofaffin hannuwa tun a ranar suka fara yamutsa fuska, domin rubutun ya fi kama da na buroshi a hannun wanda bai saba ba. Cikin 'yan kwanaki Francis Watson na jami'ar Durham ya nuna cewa kusan kowace jimla an tsinto ta ne daga Bisharar Toma, ɗaya daga cikin littattafan Nag Hammadi, aka jona. Sai wani mai bincike da ba ya riƙe da kujerar kowace jami'a, Andrew Bernhard, ya lura da abin da ya fi wannan. A layin farko akwai harafi ɗaya da ya kamata a gani amma babu. A ainihin littafin Toma na Nag Hammadi harafin yana nan. Inda ya faɗi shi ne a wani kwafin Toma da wani mai sha'awar harshen ya buga da kwamfuta ya ɗora a intanet a 2002. Wato marubucin da ake cewa na ƙarni na 4 ne ya maimaita kuskuren bugun da aka yi a zamaninmu.

Duk da haka magana ba ta mutu ba. Aka kai gutsuren ɗakin gwaji, a 2014 mujallar tauhidi ta Harvard ta wallafa sakamakon: takardar tsohuwa ce, ta wajen ƙarni na 8, tawadar kuma irin ta baƙin hayaƙi ce da aka sani tun da. Jaridu suka ce kimiyya ta tabbatar. Alhali tsohon fafirus da ba a rubuta komai a kai ba ana sayen sa a kasuwa, tawadar hayaƙi kuwa kowane almajiri ya san yadda ake haɗa irinta. Cikin hotunan da aka saki tare da sakamakon ne allura ta tono garma. Akwai wani gutsure na biyu da mai kayan ya kawo, na Bisharar Yohanna, hannu ɗaya, tawada ɗaya. Wani matashin masani, Christian Askeland, wanda ya yi digirinsa na uku a kan fassarorin Yohanna na Ƙibɗanci, yana ganin sa ya gane shi. An kwafo shi ne daga wani bugu na 1924, ana ɗaukar layi ɗaya ana tsallake ɗaya, kuma kowane layi yana karyewa daidai inda na bugun ya karye. Ga shi karin harshen da aka yi amfani da shi ya ɓace ɗaruruwan shekaru kafin a sare ciyawar da aka yi takardar da ita. Shekarun da Askeland ya yi yana ƙirga layukan da ba wanda ya damu da su, su suka ba shi idon.

Abin da ya rage shi ne tambayar da ya kamata a fara da ita: wa ya kawo, shi kuma daga wa ya samu? Mu da muka tashi muna jin malamai na cewa wane ya karɓa daga wane, mun san matani ba ya tsayawa sai da isnadi. Ba masani ne ya bi wannan sawu ba, ɗan jarida ne, Ariel Sabar. A 2016 ya gano mai kayan a jihar Florida, mutumin da ya taɓa karatun ilmin tsohuwar Masar a Berlin, ya kuma nuna cewa takardun da ya bayar na tarihin mallakar gutsuren cike suke da ramuka. King ta amsa cewa ba ta binciki wannan ɓangare ba, kuma hujja ta karkata ga cewa jabu ne. Na yaba mata da ta faɗa, ko da yake shekara huɗu ta riga ta wuce, kuma har gobe za ka ga ana tura wa mutane hoton gutsuren a WhatsApp.

Na biyun ya faru ne a ɗaya ɓangaren, wajen masu neman kare ingancin nassi. A watan Fabrairun 2012, a wata muhawara da ya yi da Bart Ehrman, masanin Sabon Alkawari mai shakkar ingancin nassin, a garin Chapel Hill na Amurka, Daniel Wallace na makarantar tauhidi ta Dallas ya sanar cewa an gano gutsuren Bisharar Markus na ƙarni na 1, kuma wani gagarumin masanin hannu ne ya yanka masa shekaru. Da ya tabbata, da ya girmi duk wani kwafin Sabon Alkawari da aka sani. Aka ce a nuna, babu hoto. Aka ce wane masani, ba suna. Daga baya Wallace ya sa hannu a yarjejeniyar kame baki, ya kasa gaba ya kasa baya, masu wa'azi kuwa suka yi shekara shida suna ambaton takardar da ba su taɓa gani ba. Bayan fage akwai kuɗi: attajiran Amurka masu kamfanin Hobby Lobby suna ta sayen tsofaffin takardu don gidan tarihin Littafi Mai Tsarki da suka buɗe a Washington a 2017, kuma gutsuren ƙarni na 1 ba farashinsa ɗaya da na ƙarni na 3 ba. A 2019 ƙungiyar da ke da mallakar tarin Oxyrhynchus ta sanar cewa an fitar da wasu takardunta ba da izini ba, an ga 13 a hannun wannan gidan tarihi, wanda ya amince ya mayar. An zargi wani babban malamin Oxford da ke cikin masu kula da tarin, shi kuma ya musanta.

Gutsuren Markus ɗin dai ya fito a 2018, a kundi na 83, da lamba 5345, kuma a rajistar Münster aka ba shi P137. Ashe duk tsawon lokacin yana Oxford, cikin kayan da Grenfell da Hunt suka kwaso fiye da shekara ɗari da suka wuce. Bai kai santimita 5 ta kowace fuska ba, yana ɗauke da ɓarɓashin ayoyi na 7 zuwa 9 da 16 zuwa 18 na sura ta farko. Editocin suka ce na ƙarshen ƙarni na 2 ne ko farkon na 3, Wallace kuma ya fito ya nemi afuwar Ehrman da jama'a. Ko a hakan yana cikin kwafe-kwafen Markus mafiya tsufa da ake da su a duniya, domin Markus ita ce Bisharar da aka fi ƙarancin samun tsofaffin takardunta a Masar. Ya samu 'yan shafukansa a kundin, da hotonsa a ƙarshe, tsakanin sauran takardun da aka tono daga juji ɗaya.